Yadda zaka haɗa ɗan akwatin kayan aiki na kan tebur, ga masu firintin a gida

Duk mai ɗan buga katin biki, ko sitikar zobo da yaji, ko hoton riga a cikin ɗaki ya san ba firinta ce ke cinye tebur ba, tarkacen da ke kewaye da ita ne. Ita firinta tana zaune wuri ɗaya bata motsi. Amma almakashi, reza, rula, salatif, gam, kwalaben tawada, fin na sitefila, su ne kullum cikin yawo, kana tsaka da yanka katin ɗaurin auren da za'a zo karɓa bayan la'asar sai ka nemi rula ka rasa, ashe tana ƙarƙashin takardun da suka lalace, garin ɗaga su kuma gwiwar hannu ta ture kwalbar tawada. Toh wannan bayanin akan ɗan akwatin da zai riƙe kayan nan ne, wanda faɗinsa bai wuce tsawon takardar A4 da yawa ba, kuma duk wani kafinta a Jos zai iya haɗa maka shi da guntayen filawud. Zan bada awo na gaske da zaka kai masa, amma dan Allah kar ka tsallake kai tsaye zuwa wajen awon, don ainihin aikin tun a ɗaki ake gama shi kafin a je wajen mai zarto.

Mataki na farko: zube komai a ƙasa

Shimfiɗa tabarma ko tsohuwar jarida, ka kwaso duk abin da kake taɓawa idan kana aiki ka zube. Duka fa, har da waɗanda ke cikin leda a ƙarƙashin gado. Sai ka raba su kashi uku. Kashi na farko waɗanda hannunka ke kaiwa gare su a kowane aiki, yawanci almakashi, wuƙar yanka takarda, rular ƙarfe, fensir, salatif, matsefata ko ɗan ƙugiyar cire sitika, da tsohon katin ATM ɗin da kake danne sitika da shi. Kashi na biyu waɗanda sai a sati ka ɗauka sau ɗaya ko biyu, kaman tawada, sitefila, abin huda takarda, sabbin reza, filashi. Kashi na uku kuma su ne na "wata rana zai yi amfani", sirinjin wankin kan firinta, tsohon kebul, ragowar ribon na bikin bara, katirij ɗin da ya mutu amma ka kasa yarwa.

Kashi na ukun nan ba zai shiga akwatin ba, ko ɗaya. Nemo masa kwali ka rubuta a jiki ka tura ƙarƙashin tebur. Anan ne mutane ke ɓata abin, sai mutum ya ce tunda zan kashe kuɗi bari in yi babba wanda zai ɗauki komai, ƙarshe ya samu wani ƙaton kabad a kan tebur, wajen yanka takarda ma babu. Akwatin na kashi na farko ne da na biyu kawai.

Mataki na biyu: auna teburin, ba akwatin ba

Zauna a kujerar da kake aiki, yadda ka saba zama, ka miƙa hannunka na aiki ba tare da ka ɗaga baya daga kujera ba. Inda yatsunka suka kai nan ne iyakar inda bakin akwatin zai zauna. Idan bahago ne kai sai ya koma hagu, kuma duk abin da zan faɗa akan dama ka juya shi.

Sannan ka buɗe firintarka gaba ɗaya, ka jawo tiren gaba da takarda ke fitowa, ka ɗaga na baya da ake zuba takarda, ka buɗe murfin sikana har sama, idan mai tankin tawada ce a gefe ka buɗe shi shima. Wannan shi ne girman firinta na gaskiya, ba yadda take a rufe ba. Abin da ya rage a tebur bayan ka cire wannan da wajen tabarmar yanka, shi ne filin da kake da shi. Ka tabbata ya kai santimita 33 a faɗi da 25 zuwa baya, kuma akwai fili a gabansa kaman santimita 13 da ƙofa zata kwanta idan an buɗe. In bai kai ba, juya akwatin ya kalli gefe, ko ka buga masa ɗan kanta a bango daidai tsayin tebur. Kar dai ka ɗora shi a kan firinta, nauyi yana danne murfin sikana kuma duk sanda takarda ta maƙale sai ka sauke komai.

Abu ɗaya kuma, kar ya zauna daidai taga. Rana tana cin launin takarda da tawada, ga feshin ruwan sama na Yuli da Agusta wanda duk ɗan Jos ya san baya sallama kafin ya shigo.

Mataki na uku: gwada da kwali tukuna

Wannan matakin shi na fi so mutane su riƙe, kuma shi ne aka fi rainawa. Nemo kwalin indomi ko na taliya guda biyu a shagon unguwa, ka yanka ka haɗa akwatin da salatif daidai awon da zan bada a ƙasa, ka zuba kayanka a ciki, ka yi aiki da shi na ɗan lokaci, aƙalla dai ka gama oda biyu ko uku da shi. Ba don kyau ake yin sa ba. Kwali ne zai gaya maka cewa hannun almakashinka yana karo da kwalbar gam, ko sitefilarka ta fi ramin da ka bar mata tsawo, ko kuma ashe salatif kake ɗauka fiye da komai amma ka kai shi can baya. Duk inda ka ga ka ajiye abu a kan tebur maimakon ka mayar da shi raminsa, toh ramin ne baya daidai, ɗauki biro ka yi alama a jikin kwalin, ka matsar da shi. Gyara a kwali reza ce da salatif, gyara a katakon da gam ya riga ya kama kuma sai dai a fasa.

Lokacin da kake auna kayan, ka auna wajen da ya fi kauri, ba wajen da ya fi sirantaka ba. Almakashi ta wajen zoben hannu, sitefila ta bayanta, kwalbar tawada ta gindinta. Kowane abu ka ƙara masa kusan santimita 1 na shiga da fita, in ba haka ba zaka dinga ciro abu da hannu biyu.

Mataki na huɗu: fasalin akwatin da awonsa

Akwatin hawa biyu ne. Ƙasa ɗakin takarda ne mai ƙofa, sama kuma buɗaɗɗen waje ne na kayan hannu. Girman takarda ne ya yanke girman komai: A4 santimita 21 ce a faɗi, 29.7 a tsawo. Don haka cikin akwatin zai zama 31 daga hagu zuwa dama, 23.1 daga gaba zuwa baya, takarda ta kwanta a kaikaice ta samu ɗan sarari ta ko'ina. Da filawud mai kaurin milimita 9, faɗin waje zai tashi 32.8.

Ɗakin takarda ya rabu biyu. Na ƙasa tsayinsa santimita 6, don rim ɗaya na takarda mai giram 80, wato guda 500, kaurinsa wajen santimita 5 ne, nauyinsa kilo 2.5, shi yasa ma yake can ƙasa, yana danne akwatin kar ya dinga zamewa idan ka fizgi almakashi. Na samansa santimita 4, na kati mai kauri, takardar hoto da takardar sitika. Idan ka haɗa da kaurin alluna uku, ƙasa da tsakiya da rufi, hawan ƙasa gaba ɗaya ya tashi 12.7.

Hawan sama kuma layi uku ne, kowanne zurfinsa santimita 7, na baya ya fi tsayi, na tsakiya ya bi masa, na gaba gajere, kaman benen 'yan kallo a filin ƙwallo na Rwang Pam, kowa yana hango fili ba wanda ya tare wani. Amfanin haka shi ne kana zaune kana ganin komai, ba sai ka tashi ka leƙa ba.

Ga abin da za'a yanka, duka a santimita. Daga filawud mai milimita 9: gefe guda biyu, 24 da 27, sai a sare kusurwar gaba ta sama a karkace, a fara daga santimita 8 daga baya a gangaro har tsayin gaban ya koma 18. Baya guda ɗaya, 31 da 27, yana shiga tsakanin gefunan ne ba a bayansu ba. Allunan kwance guda uku, 31 da 23.1. Ɗan bakin gaba na hawan sama, 31 da 5. Ƙofa, 32.8 da 12.5. Daga mai milimita 6 kuma: marabar baya 31 da 10, marabar tsakiya 31 da 7, da 'yan guntaye na raba layukan gida-gida, waɗannan kwalinka ne zai gaya maka nawa ne kuma a ina.

Ka lissafa da kanka ka gani, 7 da 0.6 da 7 da 0.6 da 7 da 0.9 na bakin gaba, 23.1 kenan cif. Na faɗi haka ne don idan ka canza kaurin katako ka san inda zaka rage.

A allon tsakiya na ɗakin takarda, ka sa a yanke ɗan rabin da'ira a bakinsa na gaba, daidai tsakiya, wanda yatsa biyu zasu shiga. Ƙaramin abu ne amma idan babu shi zaka dinga tono kati da farce kana lanƙwasa kusurwa, kuma katin da kusurwarsa ta lanƙwashe firinta bata son sa.

Mataki na biyar: katako da kafinta

Falle ɗaya na filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato wajen 122 da 244 a santimita, kuma duk akwatin nan baya cin fiye da kashi ɗaya cikin biyar na falle. Don haka kar ka sayi falle guda. Shiga ɓangaren 'yan katako a kasuwar Katako, ko ka tambayi kafintan unguwarku, masu yin kabad da gado kullum suna da ragowa jingine a bango, da kuɗi kaɗan zasu baka, wani ma idan shi zai yi aikin ba zai lissafa ba.

Ni filawud nake zaɓa akan MDF, wato allon da ake haɗawa da garin katako da gam. MDF yana da santsi, yana shan fenti da kyau, amma ranar da ruwa ko tawada ya zuba a bakinsa zai kumbura ya zauna a haka, kuma ƙusa a gefensa tana tsaga shi. Mu kuma aikinmu da ruwa-ruwa ne. Idan filawud ɗin da ka samu mai milimita 12 ne ba laifi, zai ɗan yi nauyi kawai, amma 18 ɗin da ake kabad da shi ya yi yawa, kaurin banza ne zai cinye maka tebur.

Je da tef ɗin awo naka. Abin da ake ce ma milimita 9 a kasuwa sau da yawa 8 ne ko 8 da rabi, ka auna da idonka kafin a yanka. Sannan da yawan kafintocinmu da inci suka saba aiki, idan ka miƙa takarda da santimita wani zai juya shi a ka ya ce ai inci goma sha biyu ne, alhali inci 12 santimita 30.5 ne, ba 31 ba, rabin santimitan nan kuma shi ne bambancin rim ya shige da ledarsa ko ya tsaya a baki. Ka ce masa cikin girmamawa, "Malam, dan Allah awon ciki ne wannan, ba na waje ba, a bi ta gefen santimita na tef ɗin." Abin da ya fi komai ma, ka tafi da akwatin kwalinka da rim ɗaya na takarda, ka ajiye a gabansa. Kafinta yana gane abin da ya gani fiye da zane. Ka tuna masa kuma bakin zarto yana cin kusan milimita 3 a kowane yanka, kar ya zana duka a jere ya bi layi ɗaya, a auna a yanka, a sake aunawa a yanka.

Sauran sayayya: farin gam na katako irin Top Bond, ƙusa siririya mai inci ɗaya, ƙananan hinji guda biyu, maƙallin ƙofa mai mayen ƙarfe irin na kabad, sanfefa mai lamba 120 da 220, ɗan banish, da ƙafafun roba huɗu masu tsayin santimita 1.

Mataki na shida: haɗawa

Ko kai zaka haɗa ko kafinta, tsarin ɗaya ne. A fara goge duk allunan da sanfefa tun suna warwatse, musamman fuskokin da zasu koma ciki, don bayan an haɗa hannu baya shiga ramin santimita 4. Sai a jera komai a tsaye ba gam, a riƙe da salatif, a zura rim ɗin takarda a gani. Idan ya shiga ya fita ba gardama, sai a ci gaba.

A kwantar da gefe ɗaya, a ja layukan da alluna zasu zauna da fensir, a yi haka a ɗaya gefen, a haɗa su fuska da fuska a tabbata layukan sun yi daidai. Dabara mai sauƙi ita ce a yanko guntun katako mai tsayin 6 da wani mai tsayin 4, a dinga sa su a tsakani lokacin bugawa, allon ba zai karkace ba. Baya da ƙasa ake fara mannawa da gefe ɗaya, sai allon tsakiya, sai rufi, sannan a rufe da ɗaya gefen. Gam siriri a kowace mahaɗa, ƙusa uku ta biyo baya, wanda ya tsatso a goge da jiƙaƙƙen tsumma nan take, in ya bushe banish baya kama wajen. Kafin gam ya kama, auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta gaba, hagu sama zuwa dama ƙasa, dama sama zuwa hagu ƙasa. Idan awon biyu ɗaya ne akwatin ya miƙe, idan ba haka ba a ɗan matsa shi da hannu har su daidaita, don karkataccen akwati ƙofarsa bata rufuwa.

Manyan marabai biyu a manna su. Amma ƙananan masu raba layi gida-gida, shawarata kar a sa musu gam ko kaɗan, a yanka su da ɗan matsi yadda zasu tsaya da kansu. Yau sitefila ƙarama gare ka, gobe ka sayi mai dogon hannu ta ɗinke ɗan littafin walima ta tsakiya, sai ka zare maraba ɗaya kawai.

Ƙofar ta ƙasa ake mata hinji, tana buɗewa ta kwanta a gaba, mayen ƙarfen yana sama. Ƙafafun robar nan su ke ba ta sararin juyawa, kuma idan shayi ya zube a tebur ba zai taɓa gindin akwatin ba. Wanda baya son wahalar hinji zai iya buga ɗan labule na leda mai kauri ko yadi daga sama, yana aiki, bai dai kai ƙofa tare ƙura ba.

Rular ƙarfe ta santimita 30 ta fi 31 tsawo idan ka haɗa da kanta mai huda, don haka ba zata kwanta a ciki ba. A buga mata ɗan siririn aljihu a jikin gefen dama ta waje, guntun filawud mai milimita 6 da 'yan tsinke biyu a tsakani, ta tsaya a ciki.

Banish shafi biyu ya isa, a goga 220 sama-sama tsakaninsu. Bar shi a inuwa inda iska ke wucewa har warin ya fita tas kafin takarda ta shiga, kar kwastoma ya buɗe katin aurensa ya ji warin shagon kafinta.

Mataki na bakwai: wa zai zauna a ina

Layin baya, ɓangaren hagu na tawada ne. Kwalabe huɗu, baƙi, shuɗi, ja da rawaya, irin na Epson masu mil 65 ko 70 suna jeruwa a cikin santimita 20 ba matsi, a tsaye, murfi a ɗaure. Shimfiɗa guntun leda ko roba a ƙarƙashinsu. Idan kana da firinta biyu, ɗaya ta kati ɗaya ta tawadar buga riga da kofi, kar ka haɗa kwalabensu a rami ɗaya, kalarsu iri ɗaya ce a ido kuma zuba wata a tankin wata ba ƙaramin asara bane. Ɗaya saitin ya koma wani waje, ko ka naɗa wa murafansu jan salatif.

Ɓangaren dama na layin bayan, wajen santimita 10, na masu tsayuwa ne. Yanko fayif ɗin ruwa na roba mai faɗin santimita 5, guda biyu, tsayin 9 ko 10, ka goge bakinsu ka tsayar a ciki. Ɗaya na fensir, maka da biro, ɗaya na masu kaifi. A gindin na masu kaifin ka cusa guntun soso ko katifa, almakashi da ƙugiya da matsefata su dinga shiga da baki ƙasa suna nutsewa a ciki, bakinsu baya dakushewa kuma mai miƙo hannu baya gamuwa da tsini. Wuƙar yanka takarda kullum a mayar da rezarta ciki kafin a ajiye.

Layin tsakiya na sitefila ne da gam da salatif. Idan kana da salatif kala-kala, na takarda, mai manne biyu, da mai jure zafi na aikin riga, ka zura guntun sandar tsintsiyar bature ta cikinsu ka ɗora a kan ƙananan marabai biyu da aka yi wa ɗan gurbi, su dinga juyawa a wajen, baka ciro su ba balle su ɓata.

Layin gaba na ƙananan abubuwa ne, fin, kilif, filashi, magogi, katin ATM ɗin nan. Nemi mayen ƙarfe na tsohuwar sifika wajen masu gyaran rediyo ka manna a kusurwa ɗaya, fin da allura su taru a kansa.

Sai maganar tsohuwar reza, wadda ni a wajena ta fi komai muhimmanci a gidan da akwai yara. Rezar wuƙar nan, ko ta milimita 9 ko ta 18, karyawa ake yi gaɓa-gaɓa, kuma guntun da aka karya ƙarami ne, idan ya faɗi a kafet sai ƙafa ce zata nemo shi. Samo ƙaramar robar magani mai murfi, ka tsaga murfin kaɗan, ka ba ta gida a layin gaba. Duk guntu a ciki, idan ta cika ka naɗe da salatif kafin ka yar. Idan kuma yaran sun kai tsayin tebur, fayif ɗin masu kaifi ya dinga tashi zuwa saman kabad duk sanda ka tashi daga aiki, shi yasa ma bamu manna shi ba.

Tabarmar yanka bata shiga akwatin, kuma kar ka jingina ta a bayansa. A kwance ake barin ta ko a rataye, idan ta jingina ta lanƙwashe bata komawa daidai, zafi ma haka yake mata. Injin laminatin, dutsen guga da injin danna riga su zauna nesa da akwatin, aikin riga yana kai zafi digiri 180 zuwa 200, ba maƙwabcin gam da tawada bane. Sifirit ɗin da ake goge abubuwa da shi ma yana kama wuta, kar ya kwana kusa da su.

Ƙura da sanyi da damina

Ga mu nan Jos dai dalilin ƙofar kenan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ko ka rufe taga sai ta shigo, ta kwanta a saman takarda, takardar ta ja ta zuwa cikin firinta, ta manne a tayoyin da ke jan takarda, sai ka ga firinta tana ta juyi bata ɗauka ko ta kwashi uku a tare. Bushewar iska kuma tana sa takardu mannewa da juna, ka dinga kaɗa su da yatsa kafin ka zuba. Damina ta zo da nata, takarda ta sha danshi ta yi laushi ta nannaɗe, tawada ta ƙi bushewa da wuri. Don haka rim ya shiga da ledarsa, ka yage baki ɗaya kawai, takardar hoto da ta sitika su zauna cikin fakitinsu. 'Yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko jaka, tara su ka jefa biyu uku a can ƙuryar ɗakin takarda, a nesa da yara don ba abin ci bane. Hawan sama kuma tunda a buɗe yake, ka kai wa tela awon ya ɗinka masa hula da ragowar yadi, ka dinga kifawa da dare, ya haɗa maka da ta firinta gaba ɗaya.

Masu firintar 3D kuma, na san akwai 'yan kaɗan da suka fara, kar ku wahalar da kanku buga akwatin gaba ɗaya. Farantin firintar Ender 3 santimita 22 ne da 22, faɗin 31 ba zai hau ba sai an raba, ga awannin da zai ci, a ɗauke wuta a tsakiya aiki ya tashi. Ku yi gangar jikin da katako, ku buga ƙananan kofuna da marabai na layukan sama kawai, faɗin 6.8 don su shige ramin 7. Ku tuna PLA, wato robar da firintar ke bugawa da ita, yana fara laushi tun wajen zafi digiri 60, kar ya matsa kusa da injin riga.

Wanda kuma aikinsa ya kai A3, mai 29.7 da 42, fasalin bai canza ba, cikin ne zai koma 43.5 da 31.5, a yi amfani da filawud mai milimita 12 don allon tsakiya kar ya lotsa, hinji su zama uku, layukan sama kuma su zama huɗu maimakon a faɗaɗa ukun, don rami mai faɗi da yawa kaya kwanciya suke yi a ciki maimakon su tsaya.